Gambar Bakin Ƙorama

Daga Ɗan'azumi a Tunuga, zuwa ga Habibu ɗan Kawu Alfari, a gonakin auduga na bayan Kandi. Tsakiyar bazara.

Assalamu alaikum.

Zuwa ga ubangidana Habibu mai kunnuwa kamar faifai, wanda ya tsere ya bar bawansa cikin rana. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da bayin Allah da ke haƙuri da minsharinka. Mu nan lafiya lau. Inna, wato gwaggonka Habsatu, ƙafar ce dai ke taɓa ta, amma bakin yana nan da ƙarfinsa, jiya ma na sha shi. Matarmu Zalika tana gaishe ka. Ɗiyarka Nana ta fara tafiya, kuma Allah ya rufa mata asiri ba ta ɗauko kunnuwanka ba.

Kada ka tambayi salular da ka bar mini. Ta ce tana son koyon iyo, na kai ta gulbi, har yau ba ta fito ba. Kai ma ka ce babu rezo, wato sabis na waya, a dajin da kake, to mun yi daidai. Shi ya sa na koma ga tawada da rubutun makarantar allo. Tunda gadar Gaya a rufe take, Isma'il mai jirgi zai riƙa ƙetarawa da takardata Malanbil, ya ba yaron kamiyon Kandi, babbar motar kaya.

Sai maganar gona. Da Kawu ya rasu ka ɗora mini gonar bakin ƙorama, ka ce ni ɗan mace ne, kai ɗan namiji, kuma tun kakanni taubashi ɗan mace bawa ne. Na ji na karɓa. To albishirinka, gonarka ta yi sabuwar uwargijiya. Ka tuna gambar nan da Kawu ya jera a bakin ƙorama? Ta haihu, ta yi jikoki, ta taso ta cinye rabin gona. Shekaranjiya na shiga neman akuya na ɓace, sai da ladan ya kira salla na gane gabas. Gafiyoyi sun kafa gari a ciki, da mai gari da limaminsu, har sun aiko a tambaye ni ko kai ne baƙon da ake cewa yana da gona a nan. Na ce ban san ka ba.

Bana in Zalika za ta tuƙa tuwo, sai dai na gamba. In kana son ka tarar da ko wurin shimfiɗa buzu, ka dawo gida.

Bawanka da ya fi ka kyau,
Ɗan'azumi

*

Daga Habibu zuwa ga Ɗan'azumi. Ƙarshen bazara.

Wa alaikumus salam, bawana, tsinannen gari.

Takardarka ta iso. Na gode Allah da lafiyarku. Ka duƙa ka gaishe mini da Gwaggo, ka ce ta riƙa gasa ƙafar. Ni ma lafiya, zazzaɓi ya ɗan kwantar da ni amma ya wuce, sai bayan da ke ciwo. Kunnuwana kuma da su nake jin ƙaryarka tun daga nan.

Na karanta ina dariya har abokan aiki suka taru. Da na zo wurin tuwon gamba sai dariyar ta tsaya. Na san rabin maganarka iska ce. Amma ko rabin rabin ne gaskiya, abin ya ishe ni. Gonar nan ita kaɗai Baba ya bari, ita ke ciyar da Zalika da Nana, kuma ita zan dawo in tarar. Ban zo nan don ina son auduga ba. Mai gonar audugar ba ya sallamar kowa sai an gama tsinka, ba ni da halin tahowa.

Ka san tun Baba na da rai nake yi masa maganar gambar nan, ya ce in bar masa abinsa. Na bar masa don uba ne. A nan Kandi babu mai faɗa da haki da hannu. Magani ake zubawa a pampo, a fesa da safe, kafin mako ya zagayo wurin ya yi fes. Na gani da idona, ni ma na fesa.

Ga bido ɗaya nan, wato jarkar maganin, na aika ta hannun Isma'il. Na kuma rubuta wa Hamani, wan Zalika, tunda yana da pampo da shanun noma. In ruwa ya sauka gamba ta yi ɗanyen ganye, ya fesa mata, ya nome wurin har bakin ƙorama a shuka hatsi. Kai naka ka miƙa masa bido ka koma gefe. Ka faɗa wa mai garin gafiyoyi baƙo ya gaishe shi, su fara ɗaure kaya.

Ubangidanka,
Habibu

*

Daga Ɗan'azumi zuwa ga Habibu. Ruwan fari ya sauka.

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, Inna na amsawa. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, Isma'il na jirana a bakin ruwa.

Habibu, wasa nake yi. Wallahi wasa nake yi. Gamba ba ta ci rabin gona ba, tana nan inda Kawu ya bar ta, faɗinta bai wuce tabarma biyu ba. Na faɗa ne don ka ji haushi ka dawo, don tun da ka tafi ba ni da wanda zan zaga ya rama. Gonar lafiya take. Fulani sun sauka da shanunsu da rani kamar yadda suka saba da Kawu, sun kwana a kai sun bar taki, gawo ya zubar da ganye, ƙasar ta yi baƙi har tana ƙamshi.

Kada a taɓa gambar nan. Kai ka fi son kasuwa tun muna yara, ni ne Kawu ke ja gona, shi ya sa na gani. Ruwan tudu in ya gangaro da gudu, gamba yake tararwa. Sai ya tsaya, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko, ya tsiyaya ƙorama a hankali. Saiwarta ce ke riƙe da gaɓar. Ka dubi gonakin da ke sama da taku, inda aka tuge tasu, ƙorama ta shiga ta yi ɗaki da zaure.

Akwai kuma abin da ba ka sani ba. Damanar ƙarshe da Kawu ya yi, ni da shi mun binne ƙwallon giginya a tsakiyar gambar, tun daga tsamiya har iyaka. Ya ce in yi shiru, in yara suka ji za su haƙe su ci muruci. Ya ce gamba ta riƙe gaɓa kafin giginya ta girma, in ta girma ta karɓe ta. Sun tsiro, Habibu. Ganye ɗaiɗai kamar takobi, sai ka buɗa gamba za ka gan su. Maganinka ba zai tambaye su suna ba.

Ka rubuta wa Hamani ya dakata. Ni ba zai ji tawa ba, ɗan mace ba shi da baki a gonar kawunsa. Bidon yana ɗakina, ko warinsa ya kori sauro da ƙadangaru, saura ni.

Don Allah ka yi sauri, mai kunnuwa.
Ɗan'azumi

*

Daga Habibu zuwa ga Ɗan'azumi. Bayan shuka.

Salamu alaikum bawana. Ina gaida Gwaggo da Zalika da Nana. Ni lafiya, muna ta shuka.

Kai Ɗan'azumi, Allah ya shirye ka! Saura kaɗan ka kama ni. Na karanta har na fara yarda, sai na tuna ranar da ka zo da hawaye a ido ka ce wata ƙanwar Baba ta haihu a garin Bana, na sa babbar riga na tafi suna a ƙasa, na tarar da ita tana daka da cikinta. Ranar ma wallahi ka ce. Jiya gamba ta cinye gona, yau ita ce mai gadin gona. Gobe kuma za ka ce ta yi karatu ta zama malama.

Giginyar ce ta tona ka. Baba ya shuka giginya a gonarsa, ya faɗa wa bawa, bai faɗa wa ɗan cikinsa ba? Ka sake wata, wannan ba ta zauna ba. Na gane abin da kake so. Gambar kake yanka kana saƙa zana, kana tsoron a kashe maka kasuwa. In na dawo zan saya maka zana ka yi rawani da ita.

Hamani ya aiko mini da saƙo. Ya je ya duba, ya ce wurin da ta tare zai ba da dammunan hatsi masu kyau, kuma ɓeraye da tsuntsaye a nan suke ɓuya. Mutum ne mai hankali, ba ya wasa. Damma ɗaya ma a gidana abu ne, kai ka sani. Ka ba shi bido.

Ka ci gaba da rubuto mini ƙaryarka, ita kaɗai ke sa ni dariya a dajin nan.

Habibu

*

Daga Ɗan'azumi zuwa ga Habibu. Lokacin noman fari.

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Nana ta yi zawo ta warke. Hatsi ya fito da kyau, har gwiwa a wajen gawo.

Takardarka ta same ni, na karanta na rasa inda zan sa kaina. Na tafi wurin mai gari na durƙusa na faɗa masa komai. Tun kafin in kai ƙarshe ya fara murmushi, ya ce, “Ɗan'azumi, yau kuma wa aka ɗana wa?” Dattawa suka fashe da dariya. Na ce a zo a buɗa gamba a ga giginya da ido. Wani ya ce, “Mu je ka tura mu cikin ƙaiƙayi, ko?” Babu wanda ya tashi.

Inna ta kira Hamani. Ya zo ya tuɓe takalmi ya tsuguna, ta yi masa magana mai tsawo. Ya ce, “Gwaggo, na ji, amma mai gona ya rubuto. In na ƙi, ya ce na raina shi don yana auren ƙanwata.” Na ja shi gona na nuna masa tsiron. Ya duba ya ce, “Wannan ai kaba ce. Ko kai ka soka su jiya?”

To da na ga haka sai na yi abin da na iya. Na juye maganinka a wani bido na ɓoye, na cika naka da jiƙon sabara, na miƙa masa da hannu biyu. Habibu, da ka ga surukinka! Ya naɗe hanci da rawani, ya sa safar roba, ya kori yara da kaji, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da gawa. Tun hantsi yake fesawa har rana ta take. Ya ce mini, “Matsa, yaro, wannan ko giwa ta shaƙa sai ta faɗi.” Na ce, “Allah ya ƙara sani, malam.” Na shiga bayan tsamiya na ciji riga.

Yau gamba ta fi kowane haki a Tunuga kore. Kullum sai ya zo ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallonta.

Na san za ka yi dariya, ka yi. Amma ka ji ni. Lokaci kawai na saya maka, ba zai daɗe bai gane ba. In ba ka yarda da ni ba, ka rubuta wa Inna ka tambaye ta, ita ba taubashiyarka ba ce. Ko ka ce a bari sai ka dawo ka gani da idonka. Damana ɗaya ce. In ka zo ka ga ƙarya na yi, ni da kaina zan tuge ta da hannu, kana zaune a inuwa kana zagina.

Bawanka,
Ɗan'azumi

*

Daga Habibu zuwa ga Ɗan'azumi.

Salamu alaikum. Ina gaida Gwaggo.

Ban yi dariya ba. Saƙon Hamani ya riga naka zuwa. Ya ce ba ka iya riƙe bakinka ba, ka ba da labari a wurin mai shayi, yanzu ko yara in sun gan shi sai su ce ga mai ban ruwan gamba. Mutum da iyalinsa, surukina, ka mai da shi abin dariyar gari a kan aikin da ni na roƙe shi.

Maganin nan da ciwon bayana na saye shi. Kai ba ka da mata, ba ka da ɗa, tuwon Gwaggo kake ci, shi ya sa komai wasa ne a wurinka. Gwaggo kuma me za ta ce in ba abin da ka faɗa mata ba?

Tsakanina da kai akwai wasa, ban hana ba. Abincin Nana ba ya ciki. Na ba Hamani haƙuri, na ce ya yi abin da ya ga dama da wurin. Ka cire hannunka daga gonata.

Habibu Alfari

*

Daga Ɗan'azumi zuwa ga Habibu. Hatsi ya kai ƙugu.

Assalamu alaikum. Inna na amsawa. Kowa lafiya.

Na ji, na cire. Maganar mai shayi gaskiya ce, labarin ya yi mini daɗi a baki na kasa haɗiye shi. Na je na ba Hamani haƙuri a gaban mutane, bai dube ni ba.

Ya tafi kasuwar Gaya ya sayo wani maganin, ya ce wanda ya fi naka ƙarfi. Wannan karon bai kori yara ba, kiran su ya yi su zo su gani. Gamba ta yi rawaya, ta yi fari, ta bushe. Da aka samu kwanakin da ba a yi ruwa ba ya sa mata wuta. Sannan ya kawo shanu ya tuge gindin, ya ja kunya daga tudu zuwa ƙorama, don ta nan shanu suka fi jin sauƙi. Har bakin gaɓa ya kai, ko taku ɗaya bai bari ba. Ya ce hatsi ya makara, ya shuka wake.

Ina tsaye a kan hanya, ban taka gonarka ba. Da garma ta bi ta wajen tsamiya sai ta fara tono ƙwallayen giginya, baƙaƙe, kowanne da jelarsa. Yara suka bi suna tsinta. Hamani ya tsayar da shanu ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu. Ya daɗe. Sai ya jefar ya ce wa shanu su tafi, don mutane na kallo.

Wurin ya yi fes, kamar yadda ka ce. Maganinka na gaskiya yana nan. Na rasa inda zan zubar da shi da ba zai kashe wani abu ba.

Ɗan'azumi

*

Daga Ɗan'azumi zuwa ga Habibu. Cikin marka.

Assalamu alaikum. Ban ga amsarka ba. Isma'il ya ce gulbi ya cika ya hana ƙananan jirage, ban sani ba ko ta farkon ma ta isa. Zan ba shi wannan ya riƙe har ya samu hanya. Babu wanda ya mutu, babu wanda ya ji ciwo, ka fara da wannan.

Ranar kasuwa bayan azahar hadari ya taso daga gabas. Ba wani ruwa ne da ba mu taɓa gani ba, an yi wanda ya fi shi shekarar da aka haifi Nana. Na kasa zama a ɗaki, na fita. Ka ce in cire hannu, ba ka ce in cire ido ba.

Ruwan tudu ya gangaro ja wur. Da can in ya iso gamba sai ka ji ya yi shiru. Wannan karon kunyoyin Hamani ya samu, kowace ta zama hanya, ya bi su da gudu ya faɗa ƙorama. Gaɓar ta fara tsagewa. Sai ta riƙa ɓallewa gaba ɗaya, kamar ana yanka tuwo da mara. Wake ya fara tafiya. Daga nan ƙorama ta shigo cikin hatsi. Habibu, na ga hatsinka a tsaye, da ƙasarsa da komai, yana tafiya cikin ruwa bai ko kwanta ba.

Hamani ya iso a guje ba hula. Bai ce mini komai ba sai, “Ɗan'azumi, ƙaya! Kawo ƙaya!” Muka sare shingen maƙwabci muna cusawa, muka cika buhuna da ƙasa muna jefawa. Duk abin da muka sa sai ta haɗiye ta buɗe baki. Ya zame ya faɗa har ƙirji, na kamo shi da wuyan riga. Muna nan zaune cikin laka tsamiya ta kwanta, wadda Kawu ke salla a gindinta. A hankali ta kwanta, kamar tsoho mai ciwon gwiwa.

Zalika ta zo da Nana a baya ta tsaya a kan hanya. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi wanta, ta dube ni, ta juya.

Yanzu kwazazzabo ya raba gonar biyu, zurfinsa ya shanye mutum a tsaye. Kowane ruwa sai ya ƙara ci. Baƙar ƙasar nan da Fulani da gawo suka tara tun ina yaro ta bi gulbi, war haka ta shiga Najeriya ba takarda ba duwan, wato kwastan. Abin da ya rage jan tsakuwa ne.

Na ce bari in rubuta maka da kaina kafin ka ji a bakin yaron kamiyo.

Ɗan'azumi

*

Daga Habibu zuwa ga Ɗan'azumi. Farkon kaka.

Salamu alaikum bawana, ɗan gwaggona.

Ina gaida Gwaggo, ina gaida kowa. Ni ina nan. Takardunka biyu tare suka iso jiya, duk sun jiƙe a gefe. Na karanta ta farko na karanta ta biyu, na koma na sake. Yau ban fita aiki ba, na ce musu zazzaɓi ne.

Hamani bai aiko da komai ba, Zalika ma shiru. Shi ya sa nake cewa ko ka haɗa baki da su ne don ka rama abin da na rubuta maka. In haka ne ka rama, na cancanta. Maganar tuwon Gwaggo da na yi ba ta da kyau, ka yafe.

Ka iya tsara labari, kowa ya sani. Hatsi a tsaye cikin ruwa, wa zai faɗi wannan in ba kai ba? Da tsamiya mai ciwon gwiwa. Na ce wannan Ɗan'azumi ne sak.

Ka rubuto ka ce mini wasa ne. Ba zan yi fushi ba, wallahi ko zagi ba zan yi ba. Zan sa babbar riga in tafi Bana a ƙasa sau nawa kake so. Ka ce gamba na nan ta cinye rabin gona, ka ce gafiyoyi sun naɗa sabon mai gari. Duk wadda ka faɗa zan yarda.

Ubangidanka mai kunnuwa,
Habibu

*

Daga Ɗan'azumi zuwa ga Habibu. An gama yankan hatsi.

Wa alaikumus salam, Habibu.

Inna na gaishe ka, ƙafar ta hana ta fita yanzu. Nana lafiya, ta iya cewa Baba, kowa ta gani shi ne Baba. Na yafe, kai ma ka yafe.

Tun hantsi nake zaune da alƙalami ina neman ƙarya guda mai daɗi da zan aiko maka. Ni da ba na neman su, su ke nemana. Tawada ta bushe na ƙara ruwa, ta sake bushewa. Ba ta zo ba.

Mun yanke abin da ya tsira a gefen gawo. Ba zai kai Zalika tsakiyar rani ba. Ta kwashe ta koma gidan ubanta da Nana, ta ce kada in faɗa maka sai ka gama aiki, amma na gaji da riƙe magana rabi. Hamani ya kai mata dammuna daga nasa rumbun. Ba ya zuwa wurin mai shayi, ni ma ba na zuwa. Fulani sun aiko suna tambaya ko su sauka bana. Na ce su zo su duba inda saniya za ta kwanta ba ta gangara ba.

Ba ka ce in mai da hannu ba, amma na mayar. Ni da Hamani mun je Bana da amalankensa, mun roƙi gindin gamba a wurin masu ita, mun dasa a bakin kwazazzabon ta sama. Ƙasar tsakuwa ce kuma ruwa ya ɗauke, rabi sun bushe tun yanzu. Wani tsoho a can ya ce in Allah ya sa ta kama, ta hana shi ƙaruwa. Na ce ƙasar da ta tafi fa? Ya ce in tambayi jikokin Nana.

Wajen iyaka, inda garma ba ta kai sosai ba, na ga ganye ɗaya ya fito kamar takobi. Ban sani ba ko giginya ce ko kaba. Na kewaye shi da ƙaya. Ban faɗa wa kowa ba, kai ma ban ce ka yarda ba.

In an sallame ku ka taho, ko don Nana ta san wanda ake nufi. Isma'il zai sauke ka a mashigin da ka sani. Daga nan ka zagayo ta bayan masallaci, zan tsaya maka a can. Kada ka biyo hanyar tsamiya. Babu ita.

Ɗan gwaggonka,
Ɗan'azumi